Sawun da Noti Ya Bari

Da hantsi dakalin ƙarfe da ke ɗauke da injin tankaɗe ya durƙusa. Ƙafarsa ɗaya ta lanƙwashe, rariyar ƙarfe mai nauyin shanu biyu ta sulluɓo ta danne ƙafar Inna mai shara. Kafin ƙurar dusa ta lafa an sa ta a bayan mota sai asibiti. Motar ba ta sha kwana ba wani ya ɗaga kai ya ga abin da ya sa shi salati. Ƙusoshin da ke riƙe da ƙarafan gicciye suna nan a ramukansu, amma tsirara. Notoci tara babu.

Noti ba shi da ƙafa, in ji ma'aikata. Kuma duk masana'antar mutum ɗaya ne ke hawa dakalin da sifana a aljihu, wato Auta makaniki, wanda ya taɓa cin shekara biyu a gidan yari kan satar ƙarfe. Aka buɗe akwatin aikinsa, aka tarar da ƙullin notoci. Shi ke nan. Aka fasa masa leɓe, aka jefa shi sito, aka danna kwaɗo.

Sannan aka aika a kira mai bin sawu.

Ido-ƙasa ake ce masa, don ba ya tafiya sai kansa a sunkuye. Shekara talatin yana bin sawun shanu da babura da mutane, bai taɓa nuna gidan da ba shi ba. Shekara shida da suka wuce ya bi wani sawu tun daga bakin gada, sawun ya kai shi ƙofar ɗakin ƙanensa, uwa ɗaya uba ɗaya. Ya tsaya, ya nuna. Auta ke nan. Tun daga ranar gaisuwa kawai ke haɗa su, ita ma a tsaye.

Maigida, mai masana'antar, ya tare shi a bakin ƙofa, hula a karkace.

"Malam, na san jininka ne. Shi ya sa ban kira 'yan sanda ba tukuna. Na ba ka zuwa la'asar. In ta yi, ko ka ba ni wani, ko in ba su shi."

"Wa ya taka wurin?"

"Kowa."

"Madalla. Kun wanke allo kun ce in karanta."

Daga cikin taron wani ƙaƙƙarfa mai hannu duk baƙin mai ya yi tsaki. Direban inji ne, wanda suke kira Gwani.

"Wane karatu kuma? Hali zanen dutse ne. Sai dai in yau ido zai makance don ɗan'uwa."

Ido-ƙasa bai dube shi ba. Takalmansa ya duba, kamar yadda yake duba na kowa.

*

Siton yana warin giris. Auta na zaune a kan tsohuwar taya, jini ya bushe a haɓarsa.

"Yaya."

"Aiki na zo. Notocin da ke akwatinka?"

"Nawa ne. Sababbi ne, ko fenti babu a jikinsu. Na dakali shuɗin fenti gare su."

"Me kake yi da su?"

Auta ya dubi tafin hannunsa.

"Wata biyu ke nan suna ɓacewa. Duk Asabar in na hau ɗaure-ɗaure sai in tarar babu ɗaya, wata rana biyu. Sai in sa nawa. Bakwai na sa."

"Ka gaya wa maigida?"

Auta ya yi wata dariya da ta sake tsaga leɓen.

"Ni? In je in ce ƙarfe na ɓacewa a inda nake aiki? Yaya, kura ce za ta kai ƙarar ɓatan akuya?"

"To me ya hana ka sa waɗannan taran?"

"Asabar biyu ban hau ba. Matata ta haihu, ta sha wuya, ina asibiti da ita. Ai ka sani. Ka aiko da saƙo, ba ka zo ba."

Ido-ƙasa ya miƙe. Wancan karon ma haka Auta ya yi magana, a natse, ido cikin ido, kuma ƙarya ce. Abin da ya hana shi yarda ke nan. Ya fita, aka mayar da kwaɗo.

*

Wani mai ɗinkin buhu ya ja shi gefe ya ce shekaranjiya ya ga Auta a wurin mai sayen tsofaffin ƙarafa, suna ƙus-ƙus. Ido-ƙasa ya kama hanya. Ya taka har can, ƙarshen layi, inda ƙarafa ke tsibi kamar juji.

Mai ƙarafan ya saurare shi, ya kwashe da dariya har da riƙe ciki.

"Noti tara! Malam, ko shayi ba za su sayo ba. Wanda ya san ƙarfe zai hau sama ya kwance noti, ya bar injin walda a ƙasa yana kallonsa? Auta ya zo, ba ƙarya. Saye ya zo yi. Rodi huɗu, wai zai yi wa jariri gado. Ga buhunana nan, zazzage."

Ya zazzage duka. Babu noti mai shuɗin fenti ko ɗaya. Ya koma da ƙura a gwiwa da sauƙi kaɗan a ƙirji. Kaɗan dai. Rashin sayarwa ba ya nufin rashin kwancewa.

*

A gindin dakalin ya tarar da wata matashiya ta ɗora kwamfuta a kan duro tana cizon biro. Injiniyar da ta zana dakalin ce. Ita ma fuskarta ba ta ce ta karya kumallo ba.

"Baba, kai ne mai bin sawu? Ni ma sawu nake bi, amma nawa ya ɓace min."

"Noti yana kwance kansa?"

Ta ajiye biron.

"Kai ne na farko da ya tambaya. Yana yi. Amma in ni na faɗa, za a ce wani abu nake rufewa."

"Faɗa min yadda zan gane. Ban wuce allo ba."

Ta kama ƙarfe biyu da suka karye, ta haɗa su a hannunta.

"Rariyar nan jijjiga ce aikinta, da ita take tankaɗe. Dakalin ma yana da tasa kaɗawar, kamar yadda kowace ganga ke da muryarta. Na zana shi yadda tasa ta yi nesa da ta inji, kada su haɗu. Da walda aka haɗa gaɓoɓin, da lissafin ya zo da sauƙi. To noti ba walda ba ne. Matsewa kawai yake yi. In jijjiga kaɗan ce, ƙarfen biyu su riƙe juna kamar abu ɗaya. In ta wuce wani mizani, sai su fara gogar juna, dakalin ya yi laushi, kaɗawarsa ta sauko ta tarar da ta inji. Da sun haɗu, rawa ta ninka."

"Kamar kaya a bayan jaki," in ji Ido-ƙasa. "In yana tafiya, igiya ta riƙe. In ya fara sassarfa, kaya ya zame, igiya ta saki. Da ta saki, kaya ya ƙara rawa."

"Haka ne. Sai dai na jaki a hankali yake zuwa, ana gani. Wannan shiru-shiru ne, sai lokaci guda ya yi tsalle. Shi ya sa hasashensa ke ba mu wuya. Ka ƙara gudu kaɗan, ba lallai rawa ta ƙaru kaɗan ba. Don haka na ja jan layi a jikin totur. Muddin inji bai wuce layin ba, na auna, na sake aunawa, noti ba zai motsa ba. In ya wuce, lissafina da duban ƙasa duk ɗaya."

"Ya wuce?"

"Direba ya rantse bai taɓa ba. Kuma hannun totur ɗin yana da sifirin, in ka ja shi ƙasa ka saki sai ya koma kan layi. Wa zai tsaya riƙe da shi yini guda?"

"In noti ya kwance kansa, yana barin alama?"

"Jan gari tsakanin ƙarafan, mai laushi kamar hoda. Gogayya ke haifar da shi."

Ido-ƙasa ya cire takalmansa.

*

Tsakar wurin ƙafafu sun dagula ta. Amma tsintsiya da takalmi suna da iyaka. Ya kwanta rub da ciki ya kutsa ƙarƙashin ƙarfen da ke kwance a gindin dakalin, inda dusa ta taru shekara da shekaru ba mai taɓawa.

A nan ya ga rubutun. Ƙananan ramuka a cikin dusar, kowanne da ɗan layi a bayansa inda abu ya faɗo ya gangara waje. Wani ramin bakinsa kaifi, na jiya ko na yau. Wani dusa ta cike rabinsa. Wani da ƙyar ake gani, na makonni. Ɓarawo rana ɗaya yake zuwa, kuma ba ya jefar da abin da ya hau sata.

Layi ɗaya bai fita waje ba, ya shige bayan ƙafar dakalin. Ya zura yatsu biyu, ya zaro noti. Ya juya shi a haske. Kusurwoyinsa shida shuɗin fenti na nan lafiya, ko ƙwarzane babu. Fuskarsa ta ciki kuwa ja wur da gari mai laushi.

Ya zauna a cikin dusar, notin a tafin hannu. Numfashin da ya riƙe tun hantsi ya fita da kansa, mai tsawo. Ba wanda ya gan shi. Ya goge fuska da hannun riga, ya ce, "Alhamdulillahi," sau ɗaya, a hankali.

Saura tambaya ɗaya. Sun faɗo, to ina suka tafi?

Ya zagaya ɗakin inji. Lokacin da dakalin ya faɗi, kowa gabas ya yi da gudu, sawu ya nuna haka. Sawu ɗaya ne ya fito ta ƙofar baya ya yi yamma, taku bakwai masu faɗi, dunduniyar hagu a cinye. Ya tsaya a gaban duron ruwan sanyaya inji, ya juyo. Ido-ƙasa bai taɓa duron ba. Ya shiga ɗakin ya duba hannun totur. A ƙarshensa akwai wani siririn zobe mai ƙyalli, inda wani abu ya daɗe yana cin ƙarfen.

*

A asibiti, Inna na kwance an naɗe mata ƙafa har cinya, jikokinta na mata fifita.

"Sannu, Inna. Ya jiki?"

"Ɗana, ƙafar nan ko ba a danne ta ba ta gama aikinta. Likita ya ce za ta ɗoru. Na ce masa ya ɗora har da ɗayar."

"Inna, in kina shara gindin dakali, me kike tsinta?"

"Me ban tsinta ba? Allurar buhu, murfin biro, haƙorin mutum ma na taɓa tsinta. Kwanan nan kuwa notoci. In na zo da safe sai in gan su kamar kaza ta yi ƙwai. Wannan makon har biyu-biyu."

"Ina kike kai su?"

"Direba nake ba. Ya ce zai ba Auta."

"An tambaye ki wannan yau?"

"Wa ke tambayar tsintsiya?" Ta tsura masa ido. "Me ya faru?"

Ya gaya mata inda Auta yake. Ta yunƙura za ta tashi, jikokin suka danne ta.

"Yaron da ke ɗaukar min kwandon shara in bayana ya riƙe? Ku ɗauke ni a baro ku kai ni! Ni aka danne, ni ke da ƙara!"

"Kwanta, Inna. Kin riga kin je."

*

Ana idar da la'asar ya sa aka taru a ƙofar ɗakin inji: maigida, injiniya, Gwani, mai ɗinkin buhu da sauran ma'aikata. Ya ce a fito da Auta. Aka fito da shi yana ƙifta ido.

Ido-ƙasa ya miƙa wa maigida sifana.

"Ranka ya daɗe, kwance min noti ɗaya daga ƙafar da ba ta faɗi ba. A hankali, yadda ɓarawo mai tsoron ƙara zai yi."

Maigida ya yi nishi ya kwance. Fentin kusurwoyin ya ɓare, farin ƙarfe ya fito. Ido-ƙasa ya ajiye nasa kusa da shi a kan buhu. Mutane suka matso.

"Wannan sifana ta taɓa shi. Wannan tun da aka shafa masa fenti ba ta taɓa shi ba. Da kansa ya sauko. Duka haka suka sauko, ɗaya yau, ɗaya gobe."

"Tatsuniya!" in ji Gwani. "In sun faɗo, ina suke? Ƙasa ta haɗiye?"

"Ruwa dai. Naɗe hannun rigarka, ka laluba mana duron can," in ji Ido-ƙasa.

Gwani bai motsa ba.

"Ruwan da zafi."

"Tun hantsi inji a kashe yake."

Maigida ya dubi ɗaya, ya dubi ɗayan. Ya tuɓe agogo, ya zura hannu har kafaɗa. Abin da ya fito da shi waya ce mai ƙugiya, an zura mata notoci kamar carbi, ruwa na ɗiga. Injiniya ta ƙirga a fili. Goma sha biyar.

"Da na kan buhu, sha shida," in ji Ido-ƙasa. "Taran da kuka gani babu, da bakwai da Auta ya maye da nasa bai gaya wa kowa ba."

Ya karɓi wayar, ya shiga ɗakin, suka bi shi. Ya rataya ƙugiyar a hannun totur. Ta zauna daidai cikin zoben nan mai ƙyalli. Hannun ya sunkuya a hankali, ya wuce jan layi da faɗin yatsu uku, ya tsaya.

Injiniya ta dafe kai. "Innalillahi. Ga sawuna."

Gwani ya jingina da bango. Muryarsa ta zama ta wani mutum daban.

"Akwai wani wuri, in inji ya kai, rariya sai ta ɗauki wata murya. Abin da take tankaɗewa a yini sai ta gama kafin azahar. Ni na gano shi, da kunnena. Da farko kwaɗo nake rataya masa, sai Inna ta fara kawo notoci, na ga sun fi zama. Na ɗauka ragowar aikin Auta ne yake zubarwa. Maigida, kai da bakinka ka sa min Gwani. Ba ka taɓa tambaya yaya aka yi ba."

Maigida ya sunkuyar da kai.

"Ba rariya ce ta ɗauki murya ba," in ji injiniya. "Dakalin ne gaba ɗaya ke rawa yana taya ta. Kowane noti da ya faɗo ka rataya, ya ƙara jan totur, ya kakkaɓo na gaba. Da hannunka kake ciyar da abin."

"Wallahi ban sani ba. Sai da na ji an ce notoci, sannan na gane."

"Na yarda," in ji Ido-ƙasa. "Wannan kuskure ne, kuma na mai son aikinsa. Ba shi na zo bi ba. Na zo bin taku bakwai. Tsohuwa na ƙarƙashin ƙarfe, kowa ya yi wurinta, kai ka cire wayar nan ka yi wurin duro da ita. Da ka dawo, muryarka ce ta fi ta kowa a kan Auta."

Mai ɗinkin buhu ya zame baya, yana neman inda zai sa idonsa. Wani dattijo cikin masu dako, wanda hannunsa ya fasa leɓen, ya matso ya durƙusa a gaban Auta.

"Ka yafe, ɗan'uwa."

"Tashi, baba, gwiwarka ba ta da lafiya," in ji Auta.

Maigida ya ce maganar Gwani sai Inna ta faɗi abin da take so, tunda ƙafarta ce. Ya juyo wurin Auta, ya ce:

"Na zalunce ka. Amma kai ma, da ka faɗa min tun noti na farko..."

"Da ka yarda?"

Maigida ya juya. Ya ɗauko akwatin aikin da kansa, ya ajiye a gabansa.

*

Taro ya watse. Injiniya ta ce ragowar dakalin ba zai kwana haka ba, sai an ɗaure ƙafafu ukun da suka rage, gobe ta zo da na'urarta a sake awo tun daga farko. Auta ya wanke haɓa a famfo, ya zuba notoci a aljihu, ya jawo tsani.

Ido-ƙasa na zaune a kan buhu yana sa takalmi. Ƙafafunsa sun yi masa nauyi kamar ya yi tafiyar kwana uku.

"Yaya."

"Na'am."

"Da ka tarar ni ne?"

"Da na faɗa."

"Na sani. Ni na ce wa maigida ya kira ka, lokacin da suke ja na. Duk garin nan kai kaɗai ne in ka ce ba ni ba ne za a yarda."

Ido-ƙasa ya daɗe yana ɗaure igiyar takalmin da ta riga ta ɗauru.

Auta ya jingina tsanin, ya taka matakin farko. Tsanin ya yi lilo. Ya waiwayo.

"In ba sauri kake ba, riƙe min."

Ido-ƙasa ya tashi, ya kama tsanin da hannu biyu, ya sa ƙafa ya danne gindinsa.

"Hau," ya ce. "Ina nan."